Yayen Audi a Ƙasar Gana

Tunda na dawo ƙafar mutane ba ta ɗauke daga gidana ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa, waccan ta shigo aron turmi alhali nata na nan lafiya lau, tambayar dai ɗaya ce: "Ladidi, yaya Gana? Da gaske kin ga teku? Ina kika baro Shafa, ina kuma yaron?" Ni kuwa in na ɗauko labarin, ina kaiwa tsakiya sai in ce a tashi a yi salla. Shi ya sa na zauna zan rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin manya, mai iyawa ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata, in huta.

Kun dai san ni. In aka cire Kano da na taɓa zuwa dubiya asibiti, iyakata daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ko biki aka yi nesa, gudunmawata nake aikawa in zauna a tsakar gidana. To ni ce Allah ya ɗauka ya tsallakar da ni iyakokin ƙasa uku.

Shafa'atu ita ce autata. Mijinta Sa'idu mutumin Fagam ne, gyaran waya yake yi a wata 'yar rumfa a Gwaram. Shi ya fara nuna mata cikin waya, da wata tsohuwar kwamfuta da wani ya kawo gyara bai dawo karɓa ba. Tana da tsohon ciki mota ta buge shi a kan babur ranar kasuwa. Da hantsi ya fita, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da ta haifi namiji aka mayar da sunan uban, muke kiransa Audi, yadda ake kiran duk wanda bai tarar da mahaifinsa ba.

Bayan wankan jego a wajena ta zauna. Ba ta hira, ba ta fita, in ta kwantar da yaro sai ta buɗe kwamfutar nan ta ƙura mata ido. Na zaci hotunan mamacin take kallo, na ƙyale ta. Ashe karatu take yi. Rannan ina tankaɗe ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, an ɗauke ni."

"Wa ya ɗauke ki, ina nan zaune?"

Ta ce wata ƙungiya ce a Akra, babban birnin Gana, wanda fatakenmu ke kira Ankara. Suna tara mata daga ƙasashe, zawarawa da marayu da masu lalura, su koya musu aikin kwamfuta shekara guda, su ciyar da su, in sun gama su nema musu aiki. Na ce aikin me? Ta ce, "Kin ga in kin danna nan muryarki ta tafi wajen Yaya a Kaduna? Wani ne ya zauna ya rubuta wa wayar yadda za ta yi. Shi zan koya." Na ce ashe ita ma wayar sai an gaya mata, kamar amarya ranar girkin fari.

Malam, mahaifinta, bai ja ba. Ya ce, "Ido ya tafi, ƙarfi ya tafi. In na faɗi wa zai riƙe ta da maraya? Ta je." Saura dangin uban yaro. Muka shirya muka tafi Fagam wajen Goggo Dije, mahaifiyar Sa'idu, siririyar tsohuwa mai jinin Fulani, wadda shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta. Ta saurare mu har muka gama tana murza ƙafar Audi. Sannan ta ce, "Ladidi, ban hana ba. Nono na uwa ne, ni ba ni da shi, ba zan raba yaro da abincinsa ba. Ku tafi da shi duk inda za ku. Amma ranar da aka cire shi daga nono, a kawo mini abina. Shi kaɗai ya rage mini na Sa'idu."

Na ce na ɗauki alkawari. Shafa na gefe kanta a ƙasa, suruka ba ta magana gaban uwar miji. Ni a ganina abin mai sauƙi ne: yaro yana da shekara, karatu shekara, shayarwa kuwa shekara biyu ce ga mai son cikawa. Ni in yi raino, ita ta yi karatu, mu dawo tare. Mutanen ƙungiyar sun so su sa ta a jirgi, ta roƙa a bar ta ta biyo mota don kuɗin ya ishe mu mu biyu.

A Kano muka shiga doguwar bas zuwa Legas. Ni da nake jin nisan Gwaram! Aka yi ta tafiya har na daina tambaya. Wani mai tallan magani ya miƙe a tsakiyar mota, ya ce ƙullinsa ɗaya na maganin basir, da ciwon haƙori, da mantuwa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ɗan nan, ba ka da na ciwon zama?" Mota ta kwashe da dariya. Audi ya zaɓi lokacin ya amayar da nono a kafaɗar wani Alhaji mai farar shadda. Na yi ta ba da haƙuri, na ce, "Maigidana ne, kishi yake yi ya ga na zauna kusa da kai." Alhajin bai yi dariya ba, har Lakwaja yana goge kafaɗa.

Legas ba zan ce na gan ta ba, ƙara na ji. Kowa ihu yake yi, mai sayarwa ihu, mai saye ihu, har gaisuwarsu kamar faɗa. A tashar motocin Gana muna zaune kan kayanmu kamar an jefo mu, sai na ji an ce, "Sannunku, mutanen Arewa." Wata ƙatuwar mace ce da ɗaurin ɗankwali kamar faifai. Hausarta kamar atamfar da aka wanke aka shanya a rana, ta ɗan koɗe, amma Hausa ce. Sunanta Hajiya Memuna, haifaffiyar zangon Ankara, kakanta ya je fataucin goro daga ƙasar Kano bai dawo ba. Tana sarin kaya tsakanin Legas da can. Ta dube ni, ta dubi buhuna, ta ce, "Me kika ƙunsa a nan?" Na ce kayan miya. Ta ce, "Allah ya kyauta." Ban gane ba sai a kan iyaka.

Ni da na zaci iyaka katanga ce mai ƙofa. Ashe kasuwa ce, da 'yan canji, da masu dako, da ma'aikata masu kaki kala-kala. Aka sauke mu, aka duba fasfo da katin allura, aka ce a buɗe kaya. Ta ɓangaren Binin, inda Faransanci suke ji, wani ma'aikaci ya zaro ƙullin garin kukata. Ya kwance, ya ga kore, ya shinshina, ya yi atishawa, ya kira ɗan'uwansa. Suka tsaya suna kallona, ni tsohuwa da carbi a hannu, wai ko kayan maye na ɗauko. Hajiya Memuna ta ture mutane ta zo tana yi musu yare, ta ce mini, "Lasa su gani." Na lasa. Bai gamsu ba, ya sake zura hannu, sai ya ci karo da daddawa. Yana kwance ledar ya ja da baya ya toshe hanci, ya yi mana alama da hannu mu tafi, mu tafi. Hajiya ta ce, "Yau daddawa ta yi abin da fasfo bai yi ba."

A Kwatano na ga mata suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya, da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Da muka shiga Togo Shafa ta ce in mayar da agogo baya da awa guda. Na ce yau ga ƙasar da har lokaci sai an rage maka. Can a Lome hanya ta bi ta bakin teku. Masu tambaya, e, na gan shi. Ruwa ne ba shi da ɗaya gefen, yana tasowa yana faɗuwa ba wanda ya taɓa shi. Bai burge ni ba, tsoro ya ba ni. Na ce ruwan da ba a sha, ba a wanki, ba a ban-ruwa da shi, Allah kaɗai ya san hikimarsa. Iyakar Gana da ƙafa muka tsallaka, wasu 'yan mata masu dako suka ɗora kayanmu a manyan kwanoni a ka, ɗaya har da jariri a bayanta.

Makarantar tana da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma mata huɗu a ɗaki, gado kan gado, ba wurin yaro balle kakarsa. Tun a gida sun gaya wa Shafa haka, suka ce ta iya zama a waje tana zuwa. Wani ɗan wajenmu, mutumin Sundimina, da ke can ya yi mana alkawarin ɗaki. Muna sauka aka kira wayarsa, a kashe. Aka sake kira, a kashe. Har yau ban san fuskarsa ba. Hajiya Memuna ta ce, "Ku taso. Bahaushe ba ya kwana a tasha ina da rai."

Ta ba mu wani ɗaki a bayan shagonta a zango. Allah ya saka mata, amma ɗakin dai ɗaki ne don yana da ƙofa. Kwata ta bi ta gindin taga. Zafin can ba irin namu ba ne mai busar da mutum, jiƙa ka yake yi, tsumman yaro ya wuni a igiya bai bushe ba. Banɗaki na unguwa ne, sai ka bi layi da butarka kowa na kallonka. Ni da ko a gidana sai na duba ba kowa a tsakar gida nake shiga.

Abinci kuwa, akwai wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawon masara, dokunu, a ci da kifi da barkono ɗanye. Na kai loma ɗaya na ce wa Hajiya, "Wannan a garinmu in tuwo ya kai haka, kaji ake ba." Ta ce, "Ku kuma da kuke cin abin da ya kori ma'aikacin iyaka fa?" Amma da safe sai ga koko da ƙosai a bakin titi, sak namu, har sunan bai canza ba. Ranar da na fara kurɓa sai da na yi ƙwalla.

Nan wahalar ta fara. Daga zango zuwa makarantar mota biyu ce, ga cunkoso. Shafa ta fita ana idar da asuba, ba ta dawowa sai bayan magariba. Audi ya wuni yana kuka, in ba shi koko ya ture, in goya shi in yi ta zagaya lungu har ƙafata ta kumbura. Tana shigowa ya maƙale mata, ko hijabi ba ya bari ta cire. In ta buɗe kwamfuta ya kai hannu, in ya yi barci a ɗauke wuta. Su kuwa na makaranta suna da wuta, suna da malamai a kusa, da yamma su haɗu su yi bita. Na ga yarinyata tana zubewa. Wuyanta ya fito, idonta ya faɗa, rannan tana cin abinci barci ya ɗauke ta da loma a hannu.

Wata rana Audi ya tashi da zazzaɓi ya ƙi komai, na ce Hajiya ta raka ni in kai shi ya sha nono. A nan na ga makarantar. Ɗaki ne mai sanyi kamar randa, mata a jere kowa da kwamfutarta, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas kamar kaji na tsattsagar hatsi a faranti. Akwai wata 'yar Saliyo, Isatu, a keken guragu, shan-inna ta cinye mata ƙafafu, amma yatsunta ido ba ya bin su. Akwai wadda aka ce da ruwan leda take talla a titi. Akwai mai tabon ƙuna daga kunne har wuya. Ba wadda ta sunkuyar da kai a cikinsu. Na hango tawa a ƙarshe, ta rungume jaka a ƙirji. Da ta taso na ga dalili: nono ya zubo ya jiƙa gaban hijabin, shi take ɓoyewa.

Shugabar wurin, Madam Abena, ta sa aka shigar da mu ofishinta, ta ba ni kujera da hannu biyu. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, wai tana yarinya dako ta yi a kasuwa irin na 'yan matan iyaka, a bakin shagunan Hausawa take kwana. Ta nuna mini tsakiyar kanta inda gashi bai sake fitowa ba. Ta ce, "Mama, 'yarki akwai kai. Amma kai ba barci, ba aiki." Ta ce an yi jarrabawar farko Shafa ba ta haye ba. Akwai ta biyu nan gaba kaɗan. Wadda ta faɗi biyu, sai ta ba wata kujerar. "Ba mugunta ba, Mama. Kujera ɗaya, masu jira da yawa. Gadonta na nan, ban ba kowa ba." Ban ji haushinta ba. Da ma mugunta ce, da na samu wanda zan zaga.

Shafa ba ta gaya mini ta faɗi ba.

Ranar Asabar ɗin muna zaune a ƙofar shago sai ga kiɗa, an kafa rumfuna a titi, mutane cikin baƙi da ja suna rawa, ana rabon abinci, ga hoton wani dattijo an manna ko'ina. Na ce wa Hajiya bikin wa ake yi? Ta ce jana'iza ce, ta waɗanda ba Musulmi ba. Wai mutumin ya yi watanni da mutuwa, yana cikin ƙanƙara a asibiti, ana jiran 'ya'yansa su taru. Na ce, "Subhanallahi, a hana bawan Allah kwanciya!" Sai na ji Shafa ta ce a hankali, "Su dai sun samu sun yi sallama." Tun rasuwar Sa'idu ban ji ta ambaci abin ba sai ranar.

Hajiya Memuna ce ta fasa ƙwan. Ta ce, "Ladidi, kuna kashe yarinyar nan, kuna wahalar da yaron. Ku yaye shi mana. Ta koma kwana a makaranta, ke ki zauna nan da shi." Na ba ta labarin Goggo Dije. Ta tafa hannu ta ce, "To wa zai gaya mata? Teku? Ku yaye ku yi shiru. Ai ko a shari'a riƙo na uwa ne, in ba uwa na kakar wajen uwa."

Wallahi maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na juya wajen Shafa na ce, "Kin ji fa." Ta daɗe tana kallon yaron. Ta ce, "Inna, duk Juma'a Goggo tana aron waya ta kira. Me take fara tambaya?" Na sani: yana shan nono? Ta ce, "Duk Juma'a zan yi wa uwar Sa'idu ƙarya har shekara? Ba da alƙali muka yi magana ba, da matar da ta binne ɗanta muka yi. Kuma in yana garin nan, ni na san kaina, kullum zan gudo."

Na ce, "To mu tattara mu koma gida, ke da ɗanki. Ba wanda zai ce kin gaza."

Ta ce, "In koma in yi me, Inna? In zauna Baba na ciyar da mu da idon da ba ya gani? In ya isa makaranta in ba shi me? Yaye dai ko yau ko baɗi sai an yi, kuma ranar Goggo za ta aiko. Gara ranar ta same ni da abin yi a hannu."

Ni na haife ta, amma ranar ita ta fi ni shekaru.

Juma'a muka sa, yadda ake yi a gida. Wani malamin zango ya yi rubutun yaye. Hajiya ta sayo 'yar riga da hula, ta sa aka soya ƙosai aka raba wa yaran lungu sadaka. A gida da yanzu ana zagayawa da shi dangi, wannan ta ba shi kaza, waccan ƙwai. Nan daga ni sai Hajiya. Da gari ya waye Shafa ta zauna bakin katifa ta ba shi na ƙarshe. Ya sha wannan, ta juya shi ya sha wancan, ya ƙoshi ya saki yana wasa da maɓallin rigarta, ta sake mayar masa. Sai da na ce, "Ya isa, rana na yi." Na ba shi rubutun, na goya shi, na fita bayan gida na juya wa ƙofa baya. Ina jin ƙarar jakarta a kan siminti har ta ɓace.

Na yaye 'ya'ya, na yaye jikoki, ban taɓa ganin irin na Audi ba, don bai isa ba, tafiya ma sai ya dafa bango. Ya yi kuka har murya ta dushe, ya koma buɗe baki kawai. Ya dinga cusa kai a rigata yana nema. Da na kasa jurewa na kira Shafa na ce zan kawo shi. Hajiya na gefe tana cewa, "Nono ya kwana, ya lalace, ba a komawa!" Shafa ta ce, "Inna, ba lalacewa yake yi ba, malamar asibitin nan ta gaya mini. Amma kar ki kawo shi. In na gan shi ba zan iya ba." Ashe zazzaɓi take yi, ƙirjin ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, Isatu ce ke turo kekenta da ruwan zafi tana gasa mata.

A hankali yunwa ta yi aikinta. Ya karɓi koko, ya karɓi ƙosai, ya fara barci. Da Juma'a ta zagayo Goggo ta kira ta yi tambayarta, na ce, "An cire shi." Ta ce, "To, ina zuba ido."

Hajiya za ta Legas sari, muka shirya tare. A tasha ina tsaye da shi a baya, sai Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Kar ki nuna. Dubi bayan rumfar mai lemo." Shafa ce, ta leƙo da rabin fuska. Ba ta matso ba, ni ma ban je ba, don in ya ji ƙanshinta aikin ya warware. Na rasa abin da zan yi mata. Sai na juya mata baya, na sassauta zanen goyon, na tsaya haka don ta ga fuskarsa. Mutane na ture ni ban motsa ba, har direba ya yi ta danna oda. Sallamar da na yi da 'yata ke nan, da ƙeya.

Dawowa ba ni da abin faɗa. Iyakokin nan dai, tekun nan dai. Wata ma'aikaciya ta duba takardun yaron ta tambaya ina uwarsa, Hajiya ta ce tana makaranta. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta ciro biskit a aljihunta ta ba shi.

Na iso Birnin Kudu, Malam ya shafa kan yaron ya ce, "Ki bari ki huta kwana biyu." Na ce in na huta ba zan iya kai shi ba. Washegari na kama hanyar Gwaram, daga nan Fagam.

Goggo Dije na ganinmu ta tashi, zanenta na faɗuwa ba ta kula ba. Ta kwance shi daga bayana da kanta. Ta shinshina kansa, ta duba kunnensa, ta ce, "Kunnen Sa'idu." Ta dama fura da madarar shanunsu ta ba shi, ya sha. Ban ga mugunta a fuskarta ba, sai yunwa irin wadda na gani a bayan rumfar mai lemo.

Da la'asar Shafa ta kira wayata, kira mai hoto. A gidan ba ya kamawa, sai da muka hau wani fa a bayan gari, ni da Goggo da yaron a kafaɗarta. Fuskar Shafa ta fito, ta ɗan ciko. Ta gaishe da Goggo, sannan ta ce an yi jarrabawar, ta haye, har Madam ta sa an tafa mata. Muka ce alhamdulillahi. Goggo ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar nan. In kin gama, ƙofa a buɗe take, ki zo ki gan shi duk lokacin da kike so." Ki gan shi ta ce. Kunnena bai ji ta ce ki ɗauke shi ba.

Shafa ta ce, "Audi! Audina! Ga Umma." Na kai wayar gaban fuskarsa. Ya dube ta, ya ɗan tsaya, har ya ɗaga hannu. Sai ya juya ya cusa kai a wuyan Goggo.

Goggo ta ce, "Kin gani, yaye ya yi kyau. Bai yi ƙulafuci ba."

Shafa ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake cewa, "Alhamdulillahi." Sannan ta ce ana kiransu aji, hoton ya ɗauke.

Da zan tafi Goggo ta ninke zanen goyon ta miƙo mini, ta ce in ajiye wa uwarsa. Na fita lokacin da ya juya baya, yadda ake yi. A Gwaram na shiga motar Birnin Kudu, zanen a cinyata. Mun yi nisa sai matar da ke kusa da ni ta taɓa ni. Ashe tun da muka taso a bakin kujera nake zaune, na sunkuyo gaba, na bar fili a bayana kar in danne shi.

Ta ce, "Iya, ki jingina mana. Ai ba kowa a bayanki."